Corolla 2004: an ɗora sabon inji, silo ya ƙi zama

Direban_Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana a kan motata, Toyota Corolla ƙirar 2004 'yar Amurka, mai injin 1ZZ-FE. Tsohon injinta ya daɗe yana shan baƙin mai har ta kai ga ya buga, sai makanikena ya ba ni shawarar a sayo injin Beljiyam a ɗora maimakon a ci gaba da zuba kuɗi a gyara. An sayo an ɗora, mota ta tashi, amma tun daga ranar silo ya ƙi zama. Da safe allurar juyin inji tana hawa tana sauka tsakanin 500 da 1,000, sitiyari yana karkarwa a hannu; idan inji ya ɗauki zafi abin yakan ɗan lafa, amma da na kunna esi a tsaye sai ta yi kamar za ta mutu. A kan titi tana tafiya, sai dai ba ta da ƙarfin hawa tudu, kuma shan fetur ya ƙaru sosai. An sauya fulogogi, an wanke nozul, an sauya koyil ɗaya, babu abin da ya canja. Da aka sa mata kwamfuta an samu P0171 da P0300 da P0325, da wata lamba da mai kwamfutar ya ce ta hitar da ke ɗumama sensar salansa ce. Makanike ya ce biren bos ne, wato ƙwaƙwalwar mota, mai wayarin kuma ya ce injin ne marar kyau. Wanne zan bi, alhali garantin da mai injin ya ba ni ya kusa ƙarewa?

Abu_Taksi:
Wa alaikumus salam. Shawarata ita ce ka mayar da injin tun kafin wa'adi ya cika, domin idan ya wuce ko da kwana ɗaya babu wanda zai saurare ka a kasuwa.

InjiniyaBK:
Malam Abu, maganar wa'adi gaskiya ce, amma mayar da inji yana nufin biyan kuɗin sauke shi da ɗora wani, kuma idan laifin a waya yake sabon ma haka zai yi. Akwai gwajin da zai raba gardama cikin ƙasa da sa'a ɗaya, wato gwajin kwamfureshan. A cire fulogogi huɗun, a danne totur har ƙasa, a juya inji ana karanta kowace silinda. A wannan injin bai kamata wata silinda ta gaza psi 145 ba, kuma bambancin da ke tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni bai kamata ya wuce kusan 15 ba. Idan huɗun sun zo daidai, to zancen mai wayarin ya faɗi, a bar mai inji ya sarara.

Ina da tambaya ga mai motar. Lokacin da aka kawo injin, shin totur ɗin da ke jikinsa yana da wurin maƙala kebul, ko kuwa soket ne kawai mai wayoyi da yawa?

Direban_Zariya:
Injiniya, na gode. Babu wurin kebul a jikinsa. Makanike ya kwance shi tare da manifol ɗin, wato bututun da ke raba iska zuwa silinda huɗun, ya mayar da na tsohon injina. Na ga kuma mai wayarin ya yanke soket biyu ya haɗa wayoyin da hannu, ya naɗe da salatif, ya ce bakinsu ne bai zo ɗaya ba.

InjiniyaBK:
To, a nan maganar take. Injin da aka sayar maka na 2005 zuwa 2008 ne. Sunansu ɗaya da naka, jikinsu ma kusan ɗaya, amma daga 2005 Toyota ta koma totur mai lantarki a Corolla 'yar Amurka, kuma ba totur kaɗai aka sauya ba. Sensar da ke gaban salansa ta koma wata iri mai auna gaurayar iska da mai ta wata hanya dabam, sensar nokin ma, wato mai jin bugun da inji ke yi idan wuta ta tashi ba a kan lokaci ba, ta tashi daga mai waya ɗaya da ake ɗaurawa kamar noti ta koma mai siffar zobe da waya biyu. Ƙwaƙwalwar motarka ta 2004 ba ta san harshen waɗannan biyun ba. Ina kyautata zaton su ne soket biyun da aka yanke, kuma lambobin da ka kawo suna nuna hakan, domin P0325 ta sensar nokin ce, ɗayar kuma ka ce ta hita ce.

Ƙa'idar aikin ita ce, duk abin da ke magana da ƙwaƙwalwa na motar ne, ba na injin ba. Ana ɗaukar gangar injin kawai, sannan a kwaso sensoshi da nozul da totur da wayarin na tsohon a mayar a kansa. Soket da ya ƙi shiga gargaɗi ne daga kamfani, ba cikas ba ne da za a kawar da almakashi.

MaiWayarin_Kn:
Ina goyon bayan Injiniya, kuma zan ƙara yadda za a tabbatar ba tare da an dogara da zato ba. Sensar salansa ta gaba tana da wayoyi huɗu, biyu daga cikinsu launinsu ɗaya, galibi baƙaƙe, kuma su ne na hita. A raba haɗin, a sa mita a kan waɗannan biyun inji yana sanyi. Idan tsohuwar iri ce, wadda ta dace da 2004, za a ga abin da ya kai om 11 zuwa 16. Idan sabuwar iri ce za a ga om 2 ko 3 kacal. Wannan bambancin ba ƙarami ba ne, domin hita mai om 2 tana jan wuta ninkin ba ninkin abin da aka tsara wa tsohuwar ƙwaƙwalwa, kuma idan aka ci gaba da tafiya a haka ana iya ƙona ɓangaren da ke kunna hitar a cikin biren bos. Ka ga a lokacin maganar makanikenka za ta zama gaskiya, amma da hannunsu suka jawo ta.

A kwamfuta ma ana gani. Tsohuwar iri idan ta yi zafi karatunta yana lilo tsakanin volt 0.1 da 0.9 ba tsayawa. Idan aka ga ya daskare a wuri ɗaya, ko dai sensar ba ta dace ba ko wayar ta kuskure.

Dattijo_Gareji:
Yaran nan kun yi nisa cikin waya, kun bar abin da ke gaban ido. Ɗana mai mota, ka ce da safe ne abin ya fi tsanani, idan ta yi zafi ya lafa. Waya ba ta san safe da rana ba, roba ce ta san su. Wannan Corolla an san ta da ciwon gasket ɗin manifol: manifol ɗin na roba ne, gasket ɗinsa na asali baƙi ne, yana bushewa ya lafe, da sanyi sai ya bar iska ta shiga ta gefe, idan inji ya yi zafi ya kumbura ya toshe. Har Toyota ta fito da wani mai ruwan lemo a madadinsa. Kai kuma ka ce an kwance manifol daga tsohon inji an ɗaura a kan sabo. Ka tambayi makanikenka ko ya sa sabon gasket. Na san amsar tun kafin ka tambaya, domin abin da aka saba shi ne a shafa gam a mayar da tsohon.

Iskar da ta shiga ta wannan hanya ba ta bi ta kan sensar iska ba, saboda haka ƙwaƙwalwa ba ta lissafa da ita ba, sai mai ya yi kaɗan, inji ya riƙa misin. Ma'anar P0171 ke nan, P0300 kuma ɗiyarta ce. Gwajinsa ba ya buƙatar kwamfuta: da sassafe a tayar da mota, a fesa ɗan maganin wanke kafireto a bakin da manifol ya haɗu da tof silinda, a saurara. Idan muryar inji ta canja, an kama ɓarawo. A yi shi inji yana sanyi kuma a nisanci salansa, don abu ne mai kama wuta.

InjiniyaBK:
Baba, Allah ya ƙara girma, ban musa ba, kuma bayanin safe da rana ya fi dacewa da maganarka fiye da tawa. Abin da zan ce kawai shi ne, ƙwaƙwalwa tana yanke hukuncin P0171 ne daga abin da sensar salansa ta gaya mata, saboda haka muddin sensar ba tata ba ce, ba za a dogara da wannan lambar ba. Yana yiwuwa cutar biyu ce a tare. Bayan an sa sensar da ta dace, a dubi adadin gyaran mai da ƙwaƙwalwa ke yi: idan a silo ya haura kashi 15 ko 20 cikin ɗari, amma da an ɗaga inji zuwa 2,500 ya sauko kusa da sifili, to iska ce ke shiga ta ɓaraka, kamar yadda Baba ya faɗa. Idan kuwa yana ƙaruwa ne yayin da aka ɗaga inji, sai a koma kan sensar iska ko famfon mai, wanda ya kamata ya riƙe psi 44 zuwa 50.

UwarGida_Vibe:
Ina bin wannan muhawara da kyau domin tawa Pontiac Vibe ce, kuma an gaya mini injinsu ɗaya da Corolla. Bayan an sauya mini inji na yi fama da irin wannan karkarwa, aka sa ni sayen sensar iska har da koyil, daga ƙarshe wani yaro a garejin ya leƙa bayan inji ya ga waya mai zobe a bakinta tana reto, ba a ɗaure ta ba. Da aka goge wurin aka ɗaure ta da noti, motar ta daidaita nan take. Malam mai mota, ka sa a duba wannan kafin ka sake kashe ko sisi.

MaiWayarin_Kn:
Hajiya ta taɓo wuri mai muhimmanci. Waɗannan su ne wayoyin ƙasa, masu mayar da wuta ta jikin inji, kuma a aikin sauya inji su aka fi mantawa, domin ba soket ba ne da zai tsaya yana kallon mutum babu abokin haɗi. Akwai ƙanana da ke fitowa daga cikin wayarin su ɗauru a jikin tof silinda, akwai kuma babba da ke haɗa inji ko giya da jikin mota. Injin da ya daɗe a ajiye yakan zo da tsatsa, wani lokaci ma an fesa masa fenti don ya yi kyau a kasuwa, sai a ɗaure waya a kan fenti a ce an gama. Gwajin shi ne a sa mita tsakanin kan batir na nagetif da jikin inji, mota tana aiki, fitilu da esi a kunne. Bai kamata a ga abin da ya wuce volt 0.1 zuwa 0.2 ba. Wannan ya fi gwajin ƙarar mita da yaranmu suke yi, domin zare ɗaya na waya ya isa ya sa mita ta yi ƙara, amma ba zai ɗauki wutar da ake buƙata ba.

Game da haɗin da aka naɗe da salatif kuma, a warware shi duka a gani. Wayar sensar nokin da ta kirankishaf suna da wata raga a jikinsu da ke kare su daga hayaniyar koyil da altaneta. Wanda ya yanke ya ƙara da wayar gida ya zubar da wannan kariyar. Haɗin da ya halatta shi ne a yi masa dalma a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, ko a nemo soket na asali da guntun wayarsa.

Abu_Taksi:
Ni dai tawa tun da aka cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa har inji ya yi zafi, aka haɗa fanka kai tsaye ban ƙara jin wata matsala ba. Ƙasarmu da zafi, waɗannan abubuwan don ƙasar sanyi aka yi su. Wataƙila injin nasa zafi yake yi shi ya sa yake karkarwa.

Dattijo_Gareji:
Abu, ka sake karanta bayaninsa, da sanyi ne take karkarwa, ba da zafi ba. Zancen tamostat kuwa mun sha yin sa a wannan zaure. Na wannan injin yana fara buɗewa ne a wajen digiri 82, kuma an tsara injin ya yi aiki a sama da haka. Idan ka cire shi ka sa fanka tana gudu tun daga tayarwa, inji zai daɗe bai kai zafinsa ba, musamman da hunturu, ƙwaƙwalwa za ta ci gaba da ba shi mai kamar yanzu aka tashe shi. Ka lissafa abin da kake zubawa a gidan mai a mako, sannan ka dawo ka ce babu matsala.

Abu_Taksi:
Baba, lissafin mai wani abu ne, amma injin da ya ƙone a cunkoson Kano da azahar ya fi tsada. Kowa da abin da ya gani.

DanMaradi:
Gaisuwa ga jama'a daga Nijar. Mu a nan yawancin motocinmu ta Kwatano suke shigowa, kuma Corolla 'yan Turai sun fi yawa, saboda haka ina so in ƙara wata tambaya da ba a yi ba: an tabbatar injin 1ZZ ne? Na Turai akwai 3ZZ mai lita 1.6 da 4ZZ mai lita 1.4, kuma a ido duk kamarsu ɗaya da 1ZZ mai lita 1.8. Na ga wanda aka ɗora wa ƙarami a kan kuɗin babba, ya yi ta kukan rashin ƙarfi a tudu. Sunan injin yana buge a jikin bulok ɗin, a gefen da ya haɗu da giya. A goge wurin a karanta da ido, kada a dogara da abin da aka rubuta da fenti a kan murfi.

Almajirin_Sifana:
Ina koyon aiki ne, ina neman a ƙara mini haske. Maigidana yakan ce idan silo yana hawa da sauka a fara da bawul ɗin silo da ke jikin totur. Me ya sa babu wanda ya ambace shi? Kuma shin VVT-i, wato tsarin da ke sauya lokacin buɗewar bawul ɗin inji, ba ya jawo irin wannan?

InjiniyaBK:
Tambayarka tana kan hanya, kuma maigidanka bai yi kuskure ba. Totur mai kebul yana da bawul ɗin silo a ƙarƙashinsa, shi ne ke ƙara iska idan an kunna esi don kada inji ya mutu, kuma wanda ya yi shekaru a kan injin da ke shan baƙin mai babu shakka ya tara baƙin datti. Tun da za a kwance manifol, wanke shi ba zai ci komai ba, kuma yana iya zama dalilin mutuwar da take yi da esi. A duba ƙananan tiyo biyu na ruwa da ke ratsa totur ɗin, da tiyon burki, da na numfashin inji, da wanda ke zuwa daga tankin mai, domin kowanne aka bari a buɗe ko ya tsage zai ba da alamar da Baba ya bayyana.

VVT-i ma yana iya yi, idan bawul ɗinsa na mai ya maƙale a buɗe, abin da ke faruwa da injin da ya daɗe a ajiye da dattin mai a cikinsa. Yana da 'yar ƙaramar raga a jikin tof silinda da ake cirewa a wanke. Amma shi yakan zo da lambarsa, kuma ba ta cikin waɗanda mai motar ya kawo, shi ya sa na bar shi a baya. A wannan aiki ana fara bin abin da hannun mutum ya taɓa ne, kafin a tuhumi abin da ba a taɓa ba.

Direban_Zariya:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da aka samu. Sunan da ke jikin bulok 1ZZ ne, Malam na Maraɗi. Kwamfureshan ya zo lafiya a silinda huɗun, saboda haka ban mayar da injin ba. Hitar sensar salansa ta nuna ƙasa da om 3, aka nemo irin ta 2004 tare da soket ɗinta aka sa. Da aka kwance manifol, tsohon gasket ne da gam a jikinsa kamar yadda Baba ya faɗa, ya lafe har ya yi sumul da robar. An sa sabo an kuma wanke bawul ɗin silo. Wayoyin ƙasa duk a ɗaure suke, Hajiya, amma an goge su. Yanzu silo yana zaune a wajen 700 ko da esi, P0171 da P0300 ba su dawo ba. Saura P0325, kuma har yanzu tana da nauyi a tudu. Tsohon injina da sensarsa an riga an ba da shi a cikin cinikin, kuma ba mu samu mai waya ɗaya ba a ranar, sai aka rufe manifol a kan mai waya biyun. Mai wayarin ya ce zai iya sa wani ɗan abu a wayar da zai kashe fitilar cek, wato fitilar gargaɗin inji.

MaiWayarin_Kn:
Kada ka yarda. Kashe fitila ba gyara ba ne. Muddin ƙwaƙwalwa ba ta jin sensar nokin, tana ja da lokacin wuta baya don kare inji, kuma wannan shi ne nauyin da kake ji a tudu da ragowar shan man. Idan kuwa aka yaudare ta ta ɗauka komai lafiya, ranar da ka sha fetur marar kyau babu abin da zai gaya mata fistin yana dukan wuta. A nemo sensar 2004 ta asali, ko da ta hannu ce.

Dattijo_Gareji:
Sai dai a sani sensar tana ƙarƙashin manifol, dole a sake kwance shi. Gasket ɗin sabo ne, idan aka bi a hankali zai sake zama, amma kada wani ya kusance shi da gam.

Abu_Taksi:
Ni a ganina tun da silo ya zauna ya ci gaba da hawa abarsa. Motoci nawa ne ke yawo a garin nan da fitilar cek a kunne shekara da shekaru?

InjiniyaBK:
Suna yawo, Malam Abu, amma shi ya ce tana yi masa nauyi, kuma fitilar da ke kunne kullum ba za ta iya sanar da shi sabuwar matsala ba. Malam mai mota, idan za ka je neman sensar ka tafi da hoton soket ɗin da ke jikin wayarin motarka, ka kuma sa a buɗe salatif ɗin wajen a ga ko ragar wayar tana nan.

UwarGida_Vibe:
Injiniya, tawa ƙirar 2006 ce, kuma ban san shekarar injin da aka ɗora mini ba. Wane soket zan sa a fara dubawa?